Mai Maganin Shanu da Babur Ɗinsa

Ba zan taɓa manta shekarar da ciwon baki da kofato ya shiga shanun ƙanena ba. Muna yara, cutar dabbobi da ƙafa take tafiya, daga wannan ruga zuwa ta gaba. In ka ji ta a gabas, kana da kwanakin da za ka kora garkenka yamma. Yanzu kuwa babur take hawa.

Da aka ji ciwon ya ɓulla a Kutawa, nan kusa da mu, ƙanena ya ce zai kai shanunsa wajen surukinsa a bayan Kurfi, wai can da nisa. Shanu tara ne, ciki har da bijimai biyu na huɗa, ga damina ta matso. Ban hana shi ba. Abin da na roƙe shi ɗaya ne, kada ya bar kowa ya taɓa su. Na zauna a Maraɗi, na zauna a Garwa da Kumasi, ko'ina na ga cuta tana bin hanyar da jama'a ke bi, ba ruwanta da kusa ko nesa.

Akwai wani mai maganin shanu a yankinmu, mutumin kirki, kowace ruga ta san ƙarar babur ɗinsa. Da tsumma ɗaya da bokiti ɗaya yake wanke bakin saniya da ruwan kanwa. Kwana biyu da kai shanun, ƙanena ya buga masa waya ya je ya duba su, wai rigakafi. Da safe mutumin yana Kutawa, kafin azahar yana Kurfi, hannunsa cikin bakin bijiminmu.

Da na ji labari raina ya ɓaci. Na ce, "Kai, ka wahalar da dabbobi a hanya, sannan ka aika a kawo masu abin da kuka guje wa?"

Ya ce, "Haba Yaya, duk wannan nisa? Kai dai komai sai ka ce a Kumasi ba haka ake ba."

Kafin mako ya zagayo yawu na dalala daga bakin shanun, sun kasa kiwo. Bijiman suka gurgunce, ɗan maraƙi ya mutu, shanun surukin ma suka kamu. Ruwa ya sauka, maƙwabta na huɗa, gonar ƙanena na zaune.

Abin da ya ƙara mini takaici, wata dattijuwa da rugarta ke jikin Kutawa, ko saniya ɗaya ba ta kamu ba. A rijiyarta take shayarwa, kuma tun da suka yi faɗa da mai maganin ta hana shi tsallaka shingenta.

Ƙanena bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma na daina jira. Amma daga wannan shekara, in an ce cuta ta ɓulla, a gidanmu ba a tambayar a ina take. Tambaya ake wa ke zuwa can kuma yake zuwa nan.