Albasar Kwaɗin Yaya Balki

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayata Balki, Allah shi jiƙan ta. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sadaka nake yi in ja bakina, don ni ba ma'abociyar rubutu ba ce, albasa nake saidawa a kasuwar Malanville. Amma bana wani nauyi ya sauka daga kaina, kuma in ban faɗa ba ba zan ji daidai ba.

Gidanmu kaf 'yan albasa ne. Da ido muke gane wadda za ta jure ajiya da wadda za ta ruɓe a buhu tun mota ba ta tashi ba. Cikinmu Yaya kaɗai ta ɗauki albasar da ba a ci ta mai da ita abin so. Albasar kwaɗi ce, ta fadama, wadda ko akuya ba ta kulawa. Daga tsohon gidan iyarmu na Toumboutou ta tono ta, shekarar da gulbi ya fara cin gaɓar wurin, ta binne gindin katangar tsakar gidanmu. Rani duka ba ka ganin komai sai ƙasa. Ruwan fari na sauka sai ta turo kara, ta buɗe fure fari mai jan zane a tsakiya, da maraice ƙamshi ya cika gida. Na sha yi mata tsiya, in ce, "Yaya, yau nawa buhun wagga a kasuwa?" Sai ta ce, "Ke dai Rabi, komai sai an ci?"

Da ciwo ya yi mata tsanani, na zaci maganar zannuwa da 'yan kunne za ta yi mini. Ina. Ɗiyarta Nafisa, wadda lokacin ba ta gama karatun lakwal ba, ita ta nuna da haɓa. Ta ce, "Ranar da ta yi ɗakinta, ki tono mata furen nan. Kada ki ba ta kafin nan, yarinya ba ta san riƙo ba." Na ce to. Har raina na ɗauka ta bar mini amana mafi sauƙi a duniya.

Wani lokaci ina zaune a rumfa sai in ce, da Yaya za ta leƙo yanzu, me za ta ce? Ciniki ya koma cikin salula, mutum na can garin Gaya, kai kana nan, ku gama magana ba wanda ya taɓa albasar da hannu. Ita da ba ta yarda da kaya sai ta shinshina, na san tsaki za ta yi. Gidaje kuwa kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, ko tsiron ciyawa babu. Mu ma ɗana ya kawo magina, na tsaya na ce su shafe ko'ina amma gindin katangar nan ba a taɓa shi. Ya ce, "Iya, ƙasa ce fa kawai." Na ce ƙasar ce nake so. Nan kam na san da ta ji daɗina.

Abin da ban yi shirinsa ba shi ne ruwa. Ƙarshen daminar bara gulbi ya cika ya shigo unguwarmu, ya kai gwiwa a tsakar gida, ya zauna kamar wanda aka gayyato. Muka kwashe abin da muka iya muka koma wajen dangi. Da muka dawo, akwatin da na adana wa Nafisa zannuwan uwarta ya sha ruwa, duk sun yi baƙi, kana taɓawa suna yagewa. Gindin katanga kuwa laka ce shimfiɗe tana wari. Ni fa 'yar albasa ce. Na san abin da ruwa ke yi wa albasa a kwana kaɗan, balle makonni. Na tsaya da hauya a hannu, na kasa sara. Na fi son in zauna ban sani ba da in tono ruɓa da hannuna.

Cikin ranin nan Nafisa ta yi aure, ta tare Guéné inda take koyarwa. Ba a daɗe ba ta bugo mini, ta ce, "Inna, furen Iya fa?" Na ce, "Sai ruwa ya sauka, ɗiyata, yanzu ba a tono." Gaskiya na faɗa mata, amma ba dukanta ba. Zannuwa sun tafi, gidan Toumboutou gulbi ya gama da shi tuntuni. In wannan ma ya ruɓe, ba ni da abin da zan miƙa wa yarinyar nan in ce ga na uwarki.

Bazara ta yi zafinta, hadari ya yi ta yaudararmu. Ruwan fari ya sauka, na duba, shiru. Na daina kallon wajen. Wata safiya bayan ruwa na biyu ina shara, tsintsiya ta harɗe da wani abu. Na duƙa. Kore ne shar, mai kauri kamar babban yatsa, ya tsaga busasshiyar lakar ya fito. Kusa da shi ga wani, ga wani can. Nan na zauna daɓas a ƙasa, mace da jikoki, ina dariya ina share hawaye. Ashe duk sanin albasar da nake taƙama da shi, na manta wagga a fadama aka haife ta, ruwa gidanta ne. Da Yaya na nan, da ta rama tsiyar shekara da shekaru a safiyar nan.

Da na sa hauya, sai na iske sun yi 'ya'ya jingim a ƙasa. Na zaɓi manya, har da mai kara da bai buɗe ba, na sa a bokiti da ƙasarsu, na hau kabu-kabu na rungume shi har Guéné. Muka binne su tare gindin katangarta. Na kwana biyu wajenta, kuma ranar da zan taho, bayan la'asar, furen ya buɗe. Nafisa ta duƙa kansa tana shaƙar ƙamshin, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta ce, "Inna, na ɗauka na manta Iya."

Mutane kan tambayi abin da mamaci ya bari. Yayata ba ta bar gona ba, ba ta bar rumfa ba. Ta bar abin da take so don tana son sa kawai, kuma yanzu yana fure a gida biyu. A hanyar komowa bokiti ba komai ciki, iska na bugun fuskata, jikina sakayau. Mai kabu-kabu ya waiwayo ya tambaya ko da shi nake magana. Na ce a'a, ɗana, tuƙa abinka. Yayata nake gaya wa na kai amanarta.