Inuwar Dakta Ƙaguwa

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Dakta Ƙaguwa, ya kuwa karɓe da hannu biyu. Tun yana da baƙin gashi yake ɗakin binciken nan mai ƙarnin ruwan gishiri. Yakan manna siririyar waya da gam a ƙoƙon bayan ƙaguwa, ya zauna yana kallon bugun zuciyarta na hawa da sauka a allon kwamfuta.

Karatunsa ɗaya ne, bai taɓa gundurarsa ba. "Zuciyar nan da 'yan jijiyoyinta a cikinta, su ke kaɗa mata ganga. Ƙwaƙwalwa iyakarta ta aiko a ƙara sauri ko a sassauta, ta jijiya ko ta sinadarin da ke bin jini. Ko ka yanke igiyar da ke tsakaninsu, zuciya ba ta fasa aikinta."

A gida kuwa matarsa ta daɗe da toshe kunne. "Dakta, don Allah a bar mu mu ci abinci ba ƙaguwa." 'Ya'yansa maza da sun ji ya gyara murya sai kowa ya tuna da wani uzuri. Auta kaɗai ke zama, ta yi tagumi, har tambaya take yi.

Shi ya sa da Auta ta samu aikin jinya a wani gari mai nisa ya ce atafau ba za ta je ba. Hanya ba kyau, in ji shi, kuma 'ya mace ce. Har a ransa ya yarda dalilinsa ke nan. Bai taɓa tambayar kansa wa zai riƙa sauraronsa in ta tafi ba.

Ana gab da rufe karɓar sababbin ma'aikata ta biyo shi ɗakin bincike. Ta san dokar wurin: ba a giftawa tsakanin taga da tankin ruwan da ƙaguwa ke ciki. Ta zagayo ta bango, ta zauna.

"Abba, magana nake son mu yi."

"Na riga na gama magana," ya ce, ya miƙe fuu zai ɗauko tawul. Bai ankara ba ya bi ta gaban taga. Inuwarsa ta faɗa kan tankin, layin allon ya miƙe sambal.

"Lah, Abba ka kashe ta!"

"Ke, ba mutuwa ba ce. Ta ga inuwa, ta zaci tsuntsu ne, sai jijiyar birki ta ce wa zuciya dakata." Ya ja da baya. Jim kaɗan layin ya ci gaba da rawarsa. "Kin gani? In aka kauce mata, da kanta take tashi."

Ya juyo ya dubi Auta: ta sunkuyar da kai, ta ƙame a kujera, ko numfashin kirki ba ta yi. Tun ranar da ya ce a'a haka take zama a gabansa, shi kuwa yana kiran abin ladabi.

Ya daɗe yana murza tawul ɗin.

"A garin nan naku, waya na kamawa?"

"Sosai ma, Abba."

"To ki shirya kayanki. Amma duk Lahadi zan kira, kuma maganar ƙaguwa za mu yi. Uwarki ta yi ritaya."

Auta ta tuntsire da dariya, ta zabura za ta rungume shi.

"Ta bango!" ya daka mata tsawa. "Ta bango, Auta!"