Tausar da ta kusa raba ni da autata

Ni tsohuwa ce a Hayin Banki, ban taɓa zama a aji ba, maƙwabciyata ce take rubuta mini wannan. Tun da daɗewa da tausa aka san ni. Mai jego, mai targaɗe, mai ciwon baya, duk ƙofata suke zuwa. Har na fara ganin babu ciwon da zai gagari hannuna.

Ana nan, ana nan, autata ta haihu, jini ya ɓalle mata ya ƙi tsayawa. Da ƙyar aka tsayar da shi a asibiti, aka kwantar da ita a ɗakin masu tsananin ciwo, na'ura ce take yi mata numfashi. Likita ya zaunar da ni, ya ce tsakanin haɗari biyu suke: in sun ba ta maganin tsinka jini, zubar za ta iya dawowa, in sun hana, jinin zai iya daskarewa a jijiya saboda doguwar kwanciya. Ya roƙe ni kada in yi mata komai sai addu'a. Na ce to, amma a raina na ce yaron nan bai san da wa yake magana ba.

Rana ta huɗu, lokacin ziyara bayan la'asar, na ga ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta ɗau zafi. Na kwance man kaɗe daga haɓar zanina, na murza ta yadda na saba. Ban kai bakin ƙofa ba na'urar ta fara kuka, ma'aikatan asibitin suka taru a kanta. Wata nas ta ga maiƙo a hannuna, ta ce in dubi Allah in faɗi abin da na yi. Kunya ta so ta rufe mini baki. Na hango 'yata, sai na faɗa, har da wace ƙafa. Daga baya likita ya ce gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya tafi huhu. Ya ce ko ba tausa yakan taso, amma gaskiyar da na faɗa ta rage musu lalube.

Allah ya tashi kafaɗunta. Yanzu jikar tawa har ta fara rarrafe, uwarta kuwa in ta gan ni da kwalbar mai sai ta janye ƙafa tana dariya.

'Yan'uwana tsofaffi, wanda yake kan na'ura ba a yi masa gwaninta. In kuma kin riga kin yi, ki faɗa da wuri. Har yau ina tausa, amma ƙafa ɗaya da ta kumbura ta ɗau zafi, asibiti nake tura ta, hannuna a bayana.