Gaiwar da ta tsallake tukunyata

Na ɗauko wuƙa ke nan sai gaiwar ta motsa. Maigidana ne ya tono kifin cikin busasshiyar laka a bakin kogin Ngadda, amma ga ta da ranta!

Ƙanwata Falmata, mai karanta Bayoloji, ta riƙe min hannu.

"Yaya, tun zamanin da, in ruwa ya ƙafe, kifayen da ba sa iya shaƙar iska mutuwa suke yi. Masu iyawa su suka rayu, suka haifi irinsu."

Na ce, "Ikon Allah! To miyata fa?"

"Wadda fari bai kashe ba, ke za ki kashe?"

Yanzu tana iyo cikin bahon wankina, mu kuma mun sha miyar kuka lami. Da ku ne, za ku iya yanka ta?