Barguna a Kan Sola

Mai ɗinki ta daɗe da fitar da rai daga wutar layi, wadda ko fanka ba ta iya juyawa. Ta ƙaro faifan sola biyu a kan rumfar tsakar gida, sai mai gyaran wuta ya ce wayoyin gidan sun tsufa, in ta kunna keken ɗinki da dutsen guga tare, ta kuka da kanta. Ta haɗiye takaici, ta raba aikin, lokacin ɗinki daban, na guga daban.

Ran nan da rana tsaka keken ya tsaya cak. Ta fito tana tsine wa mai gyara, sai ta ga jiƙaƙƙun barguna shimfiɗe a kan faifan. Surukarta na tsaye tana murmushi.

"'Yata, gilashin nan naki akwai albarka. Kafin ki ce kwabo shanya ta bushe!"

Mai ɗinki ta durƙusa, zuciyarta na tafasa. "Sannu da aiki, Inna."

Ana haka sai mijinta ya shigo yana tambayar abinci. Ta ja shi ɗaki ta sauke masa kwandon bala'i, rabonsa da na uwarsa.