Harsasai Uku na Gavril Flocea

Gavril Flocea bai taɓa shanye kofi ɗaya a kujera ɗaya ba. Zai fara a kicin, ya ci gaba a bakin rumfar itace, kofin kuma sai bayan kwana biyu matarsa Paraschiva za ta tsinto shi a kan shinge. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injin zarto a masana'antar katako ta ƙasan kwarinmu, kuma duk wanda ya yi aiki da shi zai gaya maka cewa mutumin yana da hannu, sai dai kar ka kuskura ka bar shi da injin da ke aiki lafiya lau. Kwance shi zai yi, wai ko zai fi haka. Da ya yi ritaya, Paraschiva ce ta shiga uku. A wata biyu ya matsar da akurkin kaji sau huɗu, har kajin suka daina ƙwai.

Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba, bindigarsa. Mai faɗin baki milimita tara da ɗigo uku ce, matsakaiciya, daidai aladen daji da manyan bareyin duwatsunmu, kuma tun shekarar da aka haifi 'yarsa take hannunsa. To amma harsashi fa? Can cutar ta koma. Kowace shekara sai ya zo da sabon kwali, da sabon dalili, da takardar mujalla a ninke cikin aljihu. Amininsa Ilarie, wanda ya tsaya wa 'yar tasa ranar baftisma, harsashi iri ɗaya yake sawa tun yana da gashi a ka. Gavril kuwa yana yi masa kallon wanda ya ƙi ci gaba.

Bara ne abin ya zame masa jidali. Ya sa wani harsashi mara nauyi, mai gudun tsiya, don ya karanta cewa yana tafiya a miƙe. Ai kuwa ko yaron goye a nan ya san tsohon namijin alade a lokacin sanyi, fatar kafaɗarsa kamar tayar mota take, ga laka da ƙaron itace sun bushe a gashin. Harsashin ya samu kafaɗar, ya tarwatse a nan, bai shiga ba. Aladen ya kutsa sarƙaƙiya da rauni, Corbu karen Ilarie ya bi shi, kafin a isa an farke masa ciki. Ilarie ya naɗe karen a rigarsa ya sauko da shi daga dutse, bai kai bakin mota ba ya mutu. Da ma ya zagi Gavril, da ya fi sauƙi.

Da farauta ta sake zagayowa, Nea Toader, shugaban ƙungiyar maharba, tsoho mai shekara saba'in da huɗu da ba ya maimaita magana, ya tare Gavril a ƙofar coci.

"Ranar Asabar zan tsayar da kai a Mashigar Dutse," in ji shi. "Ta nan aladen nan yake bi, ya gama da dankalin rabin ƙauye. Kai ka fara shi, kai za ka gama shi."

"Nea Toader, bana ai na samo wani harsashi da..."

"Ban tambaye ka ba. In ya wuce ka, da rauni ko ba rauni, ka gama tsayuwa a layin masu bindiga. Sanda za ka riƙe, ka shiga cikin masu kora, masu koro mana namun daji."

Ga mutumin da ya shekara ashirin da shida a layi, wannan kusan daidai yake da a ce ya sa siket ya zaga kasuwa. Gavril ya dawo gida bai ci abinci ba.

Washegari ya hau bas zuwa garin Vatra Dornei, ya dawo da kwali uku. Ɗaya mai nauyi, giram goma sha takwas da rabi, darmarsa a manne da rigar ƙarfen da ta lulluɓe ta don kar ta rabu. Ɗaya na jan ƙarfe zalla. Na ukun kuma mai kan roba ja, wanda mai shago ya rantse masa cewa yana kayar da alade tun kafin ya ji ƙara. Ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffin jaridu, ya jiƙa su a baho, ya ɗaure dami-dami, ya karɓo ƙasusuwan kafaɗar bijimi a wurin mahauci ya jingina a gaba. Kwana uku yana harbi a tsohon ramin haƙar tsakuwa. Ya tono harsasan, ya wanke, ya jera su a teburin cin abinci kusa da akushin mamaliga, tuwonmu na masara.

"Kwashe min ƙarafunan nan," in ji Paraschiva. "Ko su za ka ci?"

"Chiva, duba wannan yadda ya buɗe kamar naman kaza, bai zubar da komai ba. Wannan na jan ƙarfen kuma ya fi shi shiga da taƙi guda, amma dubi bakinsa."

"Ni dai na ga guda uku, duk sun huda jarida. Mutum, zaɓi ɗaya ka bar mu mu huta! Da haka ka yi wajen neman aure, da har yanzu kana ƙofar gidanmu kana auna ni da yayata."

Ya zaɓa, kuma zaɓin kirki ya yi. Ya tsaya a kan mai nauyin, ya saita madubin bindigar da shi, har ya jera uku a wurin da tafin hannu zai rufe daga taki ɗari. Sauran biyun kowanne da inda yake sauka, na jan ƙarfen sama da kusan taƙi, mai kan robar sama kuma hagu. Duk wannan ya san shi sarai. Abin da ya rage kawai ya bar kwalaye biyun a gida. Ina! Da safiyar Asabar ya kai ƙofa, ya dawo, ya ɗebi bibbiyu daga kowanne ya zuba a aljihun da masu nauyin suke, wai ko da wani abu.

Mashigar Dutse 'yar siririyar hanya ce tsakanin duwatsu biyu, dusar ƙanƙara har gwiwa. Aka ajiye shi a nan ƙarfe takwas, Ilarie na can sama da shi, ba ya ganinsa. Tsayuwar layi ba ta son motsi, ga shi an ba mutumin da bai san zama ba awa biyu shi kaɗai da aljihunsa. Ya loda masu nauyi uku. Can ya tuna taƙin nan da na jan ƙarfe ya fi shiga, ya ja sakatar bindigar a hankali ya fitar, ya ɗora na jan ƙarfen a sama. To in aladen ya bayyana nesa fa, ya zai yi da saitin? Ya fitar. Ya mayar. Yatsunsa suka daskare har ba ya jin bambancin kan roba da na darma. Yana tsaka da wannan, bindiga a buɗe, harsasai cike da hannu, karnuka suka ɓarke da haushi a ƙasan kwari. Ya cusa uku bai duba ba, ya rufe.

Sai ga shi. Baƙi ƙirin, ƙato, yana ɗan ɗingisa ƙafar gaba. A taki tamanin ya tsaya cak, ya ba da gefe, yana shaƙar iska. Maharbi zai shekara ashirin bai samu irin wannan tsayuwar ba. Gavril ya ɗora saiti bayan kafaɗa, yatsa a kan kunama, sai zuciyarsa ta tambaye shi, wanne ne a ciki? In mai nauyi ne, nan. In mai kan roba ne, zai tashi sama ya gogi baya, ga kuma karnuka uku suna tahowa, ɗayansu sabon karen Ilarie ne. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya sauke saitin kaɗan, ya mayar, ya sake saukewa. Aladen ya yi gurnani sau ɗaya ya shige bayan dutse.

Da aka busa ƙaho, aka taru a mashigar. Masu kora sun jiƙe sharkaf, suna haki, suna kallon sawun da ya ratsa gaban Gavril ɓaro-ɓaro. Ba wanda ya yi dariya.

"Ban ji ƙara ba," in ji Nea Toader. "Ta ƙi tashi ne?"

"A'a, Nea Toader."

"To buɗe ta."

Gavril ya ja sakata, harsashin ya faɗo cikin ƙanƙara. Ilarie ne ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi a hannun riga, ya juya shi. Mai nauyin ne, giram goma sha takwas da rabi, wanda aka saita bindigar da shi. Ya miƙa wa Gavril, ya ce, "Shi ne kuwa, aboki. Da ka danna kawai."

Nea Toader ya gyara hularsa ya fara gangarawa. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Asabar mai zuwa ka zo da takalmin roba, Gavril. Kwarin akwai ruwa."