Gishirin da Kaka ta jefa a gulbi

Shekarar da fari ya tsananta a Tsamaye, saniya ɗaya ta rage mana, ga rumbu ya kusa ƙarewa. Baba ya ƙi sayar da ita. Mutanen gari kuwa sun ɗora laifin farin a kan Turawa: wai kumbon da suka harba zuwa wata ne ya huda sama, ruwa ya tsiyaye wani wuri.

Bayan magariba mukan kewaye Kaka a bakin murhu. Ran nan Kawu Ila, mai fatauci zuwa Maraɗi, ya ce ya ji a rediyo kumbon ba tsani gare shi ba, mansa yake ƙonawa yana feso wuta ta baya.

Kaka ta harare shi. "Ila, kai da ba ka faɗin gaskiyar kuɗin goro? Ba inda sunka tai. Amma zancen feso wutag ga, na san irinai. Ku matso."

Ta ce wani falke ya ciko kwalekwale da mangul ɗin gishiri. A tsakiyar gulbi filafili ya suɓuce masa, ruwa kuma yana shigowa ta ƙasa. Cikin haushi ya wurga mangul ɗaya baya, sai ya ji jirgin ya zabura gaba. Ya saki na biyu a hankali don tausayin dukiya, jirgi bai motsa ba.

"Sai da ƙarhi, kuma tun da sauran ƙarhin," in ji Kaka, idonta a kan Baba. "Haka yay yi ta jihwa har gaɓa."

Ranar kasuwar garin Isa Baba ya ja saniyar tun tana da tsoka, ya komo da gero.

Da na girma, ɗana mai karatun kimiyya ya bayyana mini cewa kumbo ba da iska yake dogara ba. Abin da ka tura baya shi ke tura ka gaba, gwargwadon nauyinsa da saurinsa. Haka nake yi da kayan da suka ƙi tafiya a shagona, nakan karyar da su, ba na jira.

Har yau ina zargin nan take Kaka ta ƙirƙiri falken nan, don ban taɓa jin labarin a bakin kowa ba. Maƙwabtanmu da suka jira sun sayar da fata kawai. Mu mun rasa saniya da nononta, amma ba mu haƙa kabarin kowa ba a shekarar.